Adireshin Waje da Adireshin Cikin Gida a Intanet



Abin da aka nemi in yi magana a kai yau shi ne lambobin nan da ake kira adireshin IP, musamman bambancin da ke tsakanin iri biyu nasu, watau wanda duniya duka ta sani da wanda saninsa bai wuce ƙofar gida ba. Na farko zan riƙa kiransa adireshin waje, na biyu kuwa adireshin cikin gida.

Intanet ba ta aika saƙo a dunƙule. Takan yanyanka shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi kuma yana ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, kamar yadda ake rubutawa a bayan ambulan. Tsarin da aka daɗe ana aiki da shi, mai suna IPv4, an bayyana shi a 1981, kuma ARPANET, uwar intanet a Amurka, ta koma kansa ranar 1 ga Janairu, 1983. Adireshi a wannan tsari gurabe 32 ne, kowane gurbi ko sifiri ko ɗaya, amma don sauƙin karatu ana rubuta shi lambobi huɗu da ɗigo a tsakani, kowace lamba daga 0 zuwa 255, misali 8.8.8.8 na kamfanin Google. In aka yi lissafi, adireshin da za a iya samu duka 4,294,967,296 ne.

A wancan zamani wannan adadi ya yi kama da rumbun da ba ya ƙarewa, saboda haka aka yi rabo da hannu sake. Kamfanin Apple ya sami duk adireshin da ya fara da 17, kamfanin motoci na Ford ya sami na 19, kowannensu fiye da miliyan 16. Ba a yi nisa cikin shekarun 1990 ba sai masana suka hango ƙarshen rumbun. Maganin da suka kawo a 1994, aka kuma tabbatar da shi a 1996 cikin takardar RFC 1918, shi ne a ware wasu adireshi waɗanda kowa zai iya amfani da su a cikin gidansa ba tare da neman iznin kowa ba. Rukuni uku ne: duk wanda ya fara da 10, sai daga 172.16 zuwa 172.31, sai wanda ya fara da 192.168. Sharaɗi ɗaya aka gindaya, shi ne kada ƙunshi mai irin wannan adireshi ya bi babbar hanyar intanet.

Ku da kuke aikin ofis kun riga kun san wannan dabara ta wata fuska. Ma'aikata tana da jakar gidan waya guda ɗaya, lambarta kuma ba ta haɗuwa da ta kowa a garin. A ciki kuwa akwai ɗaki na 5 da ɗaki na 12, kuma ma'aikatar da ke maƙwabtaka da ita ma tana da nata ɗaki na 12, ba a taɓa yin rikici a kan haka ba. Amma wanda ya rubuta "ɗaki na 12" kaɗai a bayan ambulan ya jefa a akwatin gidan waya, ya san wasiƙarsa ba za ta je ko'ina ba. Haka 192.168.1.5 yake: a wannan sa'a kwamfutoci marasa iyaka a Kano da Landan da Tokyo suna ɗauke da shi, kuma babu wadda ta shiga hakkin wata. Adireshin waje shi ne ba ya maimaituwa, don haka ba a ɗaukarsa da ka. Hukumar IANA ce ke raba wa hukumomin yanki guda biyar, ta Afirka ita ce AFRINIC da ke Morishas, su kuma su ba kamfanonin sadarwa da manyan cibiyoyi kamar jami'o'i.

To, yaya kwamfuta mai adireshin cikin gida take magana da duniya? Nan ne aikin akawun rajista, watau na'urar nan ta bakin ƙofa da ake kira rauta. Idan ƙunshi zai fita, sai ta goge adireshin cikin gida ta sa na waje, ta ba shi wata lambar shaida, ta rubuta a rajistarta cewa lamba kaza ta kwamfuta kaza ce. Amsa na dawowa sai ta duba rajista ta miƙa wa mai ita. Wannan musaya ita ake kira NAT.

Dabarar ta yi aiki, amma fa ba kyauta ba ce. Akawu ba ya sanin inda zai kai wasiƙar da babu lambarta a rajista, saboda haka na ciki yana iya kiran na waje, na waje kuwa ba ya iya fara kiran na ciki. Shi ya sa wanda ya kafa kyamara a ofis yake kasa ganinta daga gida, sai an umarci rauta ta buɗe mata ƙofa ta musamman, ko kuma an bi ta wata kwamfuta da ke waje. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin tsaro. Ni a ganina kariya ce ta tsintuwa kawai, domin muguwar manhajar da ma'aikaci ya sauko da ita da hannunsa tana cikin gida, kuma akawu zai fitar mata da wasiƙunta kamar na kowa. Haka nan in aka haɗe ma'aikatu biyu da kowacce ke amfani da rukunin 10, sai ɗakuna biyu su tashi da lamba ɗaya, dole a sake wa wasu lamba.

Akwai kuma batun shaida, wanda ya kamata masu shari'a da masu bincike su lura da shi. Kamfanonin wayar hannu da yawa suna yin NAT a nasu mataki, har an ware musu rukunin da ya fara daga 100.64 a 2012, ta yadda mutane masu yawa da ba su san juna ba suke fitowa da adireshin waje ɗaya. Ganin adireshi a wurin da aka yi laifi bai isa a kama mutum ba. Sai an san ainihin lokacin, da lambar shaidar, an kuma duba rajistar kamfanin.

Rumbun dai ya ƙare. IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta ranar 3 ga Fabrairu, 2011, kuma a shekarar nan Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye a kan dala miliyan 7.5. Abin da aka bayar kyauta ya zama haja. Sabon tsari, IPv6, wanda aka fara bayyanawa a 1995, gurabe 128 gare shi, yawan da zai ba kowace na'ura adireshin waje nata na kanta ba tare da akawu a tsakani ba. Sai dai tsarin biyu ba sa jin harshen juna kai tsaye, shi ya sa cibiyoyin da suka karɓi sabon suke riƙe da tsohon tare da shi.