Malamin Allo a Alaba Rago: Kowane Yaro da Allonsa

Duk inda Bahaushe ya yada zango, masallaci ne farkon abin da yake kafawa, makarantar allo kuma ta biyo baya. Haka abin ya kasance a Agege, inda cinikin goro da layin dogo suka tara 'yan Arewa tun zamanin Turawa. Haka ya kasance kuma a Alaba Rago da ke ƙaramar hukumar Ojo, a bakin titin Badagry, kusa da jami'ar jihar Legas. A bayan turakun raguna da buhunan hatsi akwai wata sana'a da ba ta da rumfa a kasuwa, wato koyar da 'ya'yan 'yan kasuwar.

Kayan aikin malamin allo ba su da yawa: buzu ko tabarma, allo, alƙalamin kara, da tawadar da ake haɗawa da gawayi da ƙaro. Jarin sana'ar yana cikin kansa. Kafin ya zauna kan buzu, sai ya bi matakan da ya gada, daga kolo zuwa titibiri, daga nan zuwa gardi. Wanda ya haddace izu sittin har ya iya rubuta su da ka, shi ake kira alaramma.

Gwanintar aikin ita ce ba a haɗa yara a darasi guda. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefensa ya fara haɗa baƙi, wani kuma ya yi nisa cikin surori. Kowa zai zo gaban malam shi kaɗai ya biya. In karatu ya zauna, a ce ya je ya wanke allo a ɗora masa sabo. In bai zauna ba, ya koma ya maimaita, ba wanda ya bar shi a baya. Manyan ɗalibai kuma suna biya wa ƙanana. Masana tarbiyya na zamani suna yaba irin wannan tsari na bin saurin fahimtar kowane yaro da cakuɗa masu shekaru daban-daban, wanda Maria Montessori ta shahara da shi bayan ta buɗe makarantarta a birnin Rum a 1907. Zauren malam ya daɗe a kan wannan turba.

Sai dai Legas ta sauya wa sana'ar fasali. Yawancin ɗaliban suna kwana gaban iyayensu, kuma da safe boko suke zuwa, tunda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9. Saboda haka malam ya koma bayan sallar Asuba da La'asar, sai kuma Asabar da Lahadi. Yaron da ke gabansa yana jin Hausa a gida, Yarabanci da buroka a titi, Turanci a aji. Sau da yawa wurin malam ne kaɗai yake jin dattijon da ba mahaifinsa ba yana yi masa faɗa da Hausa: yadda ake gaida manya, yadda ake alwala, abin da ba a faɗa a gaban mutane. In yaro ya yi fashi, malam ya san rumfar ubansa.

Abin da ke shiga aljihu bai taka kara ya karya ba. Akwai kuɗin Laraba, da sadakar da ake kawowa ranar saukar karatu, ga hayar ɗaki a Legas da tsadar gaske. Shi ya sa malamai da dama ke haɗawa da ƙaramin kasuwanci, wasu kuma suka mai da makarantunsu Islamiyya mai benci da rajista da kuɗin wata. A Agege ma akwai babban abin koyi, Markaz ta Sheikh Adam al-Ilori, makarantar da aka kafa a wani gari a 1952 kafin ta ƙaura zuwa Agege, ta tsara karatun Larabci aji-aji.

Sana'ar tana da nata aibin. Dorina tana koya wa yaro tsoro fiye da karatu, kuma malami guda ba zai iya sauraron yara tamanin ɗaya bayan ɗaya ba. Iyayen da ke son a san ɗansu da suna da hali, su ya kamata su biya malam abin da zai ishe shi, don ya rage yawan yaran da ke gabansa.