Shimfiɗar Cikin Motar Ɗaukar Amfanin Gona

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da hanyar Zariya, zai ga motoci iri iri suna fitowa daga Tudun Wada da Doguwa maƙare da kaya. Akwai bas ɗin nan Toyota Hiace, akwai J5 ta kamfanin Peugeot, akwai kuma ƙanana irin su Sharon waɗanda aka cire wa kujerun baya. Yawancinsu gwanjo ne, sun yi shekaru suna aiki a Turai kafin su sauka a Ikko ko Kwatano. A can mutane su ke ɗauka, ko kuwa busasshen kaya a cikin kwali. A nan kuwa mota ɗaya ita za ta kai taki gona da damina, ta kwaso masara da kaka, ta yi jigilar tumatir da rani, ranar kasuwa kuma a cusa mata awaki.

Da yawa daga cikin motocin nan da kafet su ke zuwa a daɓensu, watau ƙarfen nan da a ke takawa a ke kuma jibga kaya a kansa. A ƙarƙashin kafet ɗin akwai wata shimfiɗa mai kauri ta tsumma da auduga da aka danne. Masu ƙira sun sa ta ne domin ta tare zafi da sanyi, ta kuma rage ƙarar inji. A wurin mai ɗaukar amfanin gona kuwa ita ce mafarin ɓarna, gama ba ta da wani aiki da ya wuce shan ruwa, in kuma ta sha ba ta bushewa da wuri.

Ruwan da ta ke sha ba na sama kaɗai ba ne, ko da ya ke shi ma ba kaɗan ba ne, tun da ya ke a wajen Doguwa ruwan shekara ya kan kai inci 40 ko fiye. Kwandon tumatir na ƙasa kullum yana tsiyaya, ruwan tumatir kuwa da tsami. Fitsarin awaki da tumaki yana da gishiri. Wanda ya fi su duka mugunta shi ne takin zamani. Yuriya tana jawo raɓa daga cikin iska ta narke da kanta, kamfa kuma akwai wani gishiri a cikinsa mai cin ƙarfe ƙwarai. Buhu ɗaya ya huje, mudu guda ya zube ya shige cikin kafet, shi ke nan, ya zauna yana aiki dare da rana. Mai mota ya share sama ya ga fes, bai san tsatsa tana cin daɓen daga ƙasa ba, sai ranar da ƙafar yaron mota ta burma.

Hujin daɓe ba asarar kuɗin walda kaɗai ba ne. Bututun salansa ta ƙarƙashin daɓen ya bi, in kuwa ya tsufa yana yoyon hayaƙi, ta hujin nan hayaƙin zai shigo. A cikinsa akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, in ta yi yawa a rufaffiyar mota tana kisa. Direban da ya tashi daga Riruwai da asuba lokacin hunturu, ya rufe gilasai saboda sanyi, ya shiga dajin Falgore yana gyangyaɗi, ba lalle ne rashin barci ya jawo masa ba.

Har wa yau akwai abin da ya shafi mai kaya kai tsaye. Ƙwayar hatsi da ta maƙale a kafet gidan ƙwari ce, a nan su ke yin ƙwai su hayayyafa, su hau sabon buhun da aka ɗora. Danshi yana kawo fumfuna, fumfuna kuwa maƙiyiyar masara da gyaɗa ce. Maganin feshi in ya zube a kafet ba ya wankuwa, gobe kuma a nan za a aza buhun shinkafar da za a kai Dawanau. Masu kaji ma sun ga darasi a 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna ta bazu zuwa Kano. Likitocin dabbobi sun yi ta gargaɗi a riƙa wanke motocin da ke shiga gonakin kaji da magani, to, ƙarfe da roba suna wankuwa, amma tsumma mai kauri ba a iya kashe cutar da ta shige cikinsa.

Saboda haka shawarar da ta fi ita ce a ɓamɓare kafet ɗin da tsumman duka, a maye gurbinsu da tabarmar roba. Sai dai aikin yana da tsari, kuma yawancin masu yinsa daga ƙarshe su ke farawa. Su kan sayo roba su shimfiɗa a kan tsatsa, wani ma a kan tsohon kafet ɗin. Wannan ya fi barin kafet ɗin muni, domin roba ba ta barin danshin da ke ƙarƙashinta ya fita.

Da hunturu ya kamata a yi aikin, lokacin da iska ta bushe. A kwance kujeru, a yaye kafet da tsumma, a kankare gam ɗin da ya rage. A wanke daɓen da ruwa mai yawa da sabulu don gishirin taki ya fita, a buɗe ƙofofi a bar motar ta sha rana kwana ɗaya ko biyu. Sa'an nan a bi ko'ina da burushin ƙarfe da samfefa har ƙarfe ya yi haske. Inda a ke shakka a danna da bakin sukundireba, in ya lotsa ko ya huje, a yanke wurin mai walda ya lanƙaya sabon ƙarfe. Kafin ya kunna wuta lalle a duba abin da ke ƙasa, gama tankin mai da bututun birki da wayoyin lantarki duk nan su ke bi. Bayan walda sai jan fentin nan na hana tsatsa, shafi biyu, ko wane a bar shi ya bushe sosai. Akwai waɗansu 'yan ramuka da masu ƙira suka bari a daɓe, an toshe su da murfin roba. Kada a liƙe su da walda, su ne magudanar ruwa ranar wanki.

To, an cire tsumma, amma da shi aka cire abin da ke tare zafi. Wanda ya tsaya a nan zai ji motarsa ta koma kamar gwangwani don ƙara, daɓen kuma yana ƙuna a saitin salansa. A Hiace, da ya ke injin a ƙarƙashin kujerar direba ya ke, zafin ya fi tsanani a gaba. Wannan magana tana da nauyi ga mutanen Bebeji da Kiru da maƙwabtansu, domin tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya kafu a wannan yanki, kuma kayan lambu suna kai wa har watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ya kan kai digiri 40 a inuwa. Tumatir da tattasai ko an tsinke su da ransu, suna numfashi, suna fid da ruwa da ɗumi. Masana sun auna sun ga duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin numfashin nan ya kan ninka sau biyu ko fiye, saurin lalacewa kuma ya bi shi. Tumatirin da bai gama nuna ba kuwa, in zafi ya wuce digiri 30 ba ya yin ja sosai, sai ya tsaya ruwan ɗorawa. Dillalin Kwanar Gafan ko na 'Yankaba ba ya tambayar dalili, kwandon ƙasa zai duba ya karya farashi.

Abin tare zafi da ya dace shi ne soson nan mai tauri wanda ba ya shan ruwa, irin wanda a ke naɗe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi, a kan kuma same shi falle falle. Kaurin rabin inci ya isa. Soson katifa bai dace ba ko kaɗan, shi da tsumman da aka cire duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Gwajin ba wuya: a yanki ɗan guntu a tsoma a ruwa a matse, in ruwa ya fito daga cikinsa a bar wa mai shi kayansa. Farin soson nan mai marmashi da a ke samu a kwalin talabijin yana tare zafi, amma fetur na taɓa shi ya narke, kuma wuta tana kama shi nan da nan.

Soso shi kaɗai ba ya jure nauyi. Buhunan masara goma masu kilo 100 tan guda ke nan, in suka zauna a kansa sai ya lanƙwashe ya daina aiki. Don haka mai ɗaukar hatsi sai ya aza filawud mai kaurin rabin inci a kan soson, bayan ya shafe shi da fenti ciki da waje har gefuna, sa'an nan roba ta hau. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, tabarmar kaba ninki biyu a ƙarƙashin roba tana rage zafi ba laifi, muddin za a riƙa fid da ita ana shanyawa, in ta ruɓe a jefar, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A leƙa ƙarƙashin motar kuma. Akwai wani kwano siriri tsakanin salansa da daɓe, aikinsa kare zafi. Makanikai su kan cire shi su yar in ya fara kwaramniya. A mai da shi, domin ya fi ko wane soso amfani a wannan wuri, kuma rashinsa na iya sa soson ya narke.

Kada mai mota ya ɗauka ya mai da motarsa firji. Soso jinkirta zafi ya ke yi, ba ya kawo sanyi. Zafin da ke saukowa daga rufin kwano da tsakar rana ma ya fi na daɓe, shi ya sa farar mota ta fi baƙa daɗin ɗaukar kayan gwari, kuma wanda silin ɗin motarsa ya yage ya kamata ya liƙa irin soson nan a sama. Ɗumin da kayan ke fitarwa da kansu iska ce kaɗai ke kore shi. A bar tagogi a buɗe, a yi lodi da yamma, a yi tafiya da dare ko da sassafe, kamar yadda direbobin kudu su ke yi tun da daɗewa.

Wajen sayen roba, a Ƙofar Ruwa ko kasuwar Sabon Gari, a nemi mai kaurin kwatan inci, mai gurzagurza a sama don kada kwando ya zame ko akuya ta baje. Ledar ɗaki mai zane ba ita a ke nufi ba, bakin kwando ɗaya zai keta ta. A lanƙwasa gefen robar gida biyu, in ta tsage ko ta yi farin layi, ta tsufa ko kuwa an cika ta da gauraye. Tsohon bel mai faɗi na masana'antu yana da ƙarko ƙwarai, sai dai nauyi. Ta kwatan inci da za ta rufe daɓen bas, mai tsawon ƙafa goma da faɗin ƙafa biyar, ba ta kai nauyin rabin buhun masara ba. Sabuwar roba tana da wari, gari da shinkafa kuwa suna ɗaukar wari, don haka a baza ta a waje 'yan kwanaki kafin a sa.

A fara yanka kwali daidai da daɓen, da kewayen tudun taya da ƙafafun kujeru, sa'an nan a aza shi a kan roba a bi da wuƙa mai kaifi. A bar rarar inci biyu ko uku ta hau jikin bango ta ko wane gefe, robar ta zama kamar faranti, abin da ya zube ya tsaya a cikinta. Ya fi kyau a raba ta biyu, bakin ɗaya ya hau kan ɗaya, yadda yaro guda zai iya ja ya fitar. Gam kuwa kada a kusance shi. Amfanin roba duka shi ne ana ɗaga ta, wadda aka liƙe kuwa ruwa zai sami hanya ya shiga ƙarƙashinta, ba mai ganinsa.

Wuri ɗaya ne tilas a ɗaure ta, watau ƙarƙashin ƙafar direba. A nan a yanke ta nesa da birki da totur, a kafe ta da noti yadda ba za ta motsa ba. Ba ƙaramar magana ba ce. A 2009 kamfanin Toyota ya kira motoci fiye da miliyan uku a Amurka domin gyara, saboda shimfiɗar ƙafa tana zamewa ta danne totur, har an yi asarar rai.

Bayan haka sai kulawa. Ran da aka ɗauki taki ko dabbobi, a fid da robar a wanke ta ran nan. Da damina a ɗaga ta ko wane mako a duba daɓen, in akwai danshi a goge, in fenti ya kankare a shafa. Fetur da baƙin mai suna kumbura roba su lausasa ta, in sun zube a share nan take. Maganin feshi a sa shi cikin bokiti mai murfi, kada a haɗa shi da abinci a lodi ɗaya ko da an yi shimfiɗa.

Manomi ko ɗan kasuwa da zai ɗauki shatar mota shi ma yana da abin dubawa kafin a yi ciniki. Ya ɗaga gefen shimfiɗar ta wajen ƙofar baya, ya shafa daɓen da hannu, ya sunsuna. In ya ji warin fetur ko na magani, ko ya ga tsohon hatsi da ƙwari, ya nemi a wanke a shanya kafin a ɗora masa buhu, ko kuwa ya jira wata motar.