Baje kolin motoci na Abuja: Tambayoyin da ma'aikaci zai yi kafin ya sa hannu

Kusan kowace shekara kamfanonin harhaɗa motoci da dillalansu kan hallara a Babban Birnin Tarayya domin baje kolin motoci na ƙasa da ƙasa, wanda kamfanin BKG Exhibitions ke shiryawa. An sha kafa rumfunan a Dandalin Eagle Square, dab da Sakatariyar Tarayya, ta yadda ma'aikaci zai iya leƙawa a lokacin hutun rana. Shiga ba wuya. Wuyar ita ce fitowa da shawarar da albashi zai iya ɗauka.

Tun daga shekarar 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alfarmar gida da mota zuwa kuɗi a cikin albashi, akasarin ma'aikata suka koma sayen abin hawa da aljihunsu. Shekaru da dama tokunbo ce ta rufa asiri. Sai ga cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira a watan Yunin da ya biyo baya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a Abuja cikin Oktoban 2024, kuɗin fiton kwastan kuma ya bi dala sama. Tokunbo ta daina araha, shi ya sa wasu suka fara waiwayar sabuwa fil, musamman wadda aka harhaɗa a gida: Innoson daga Nnewi, Nord daga Legas, ko Peugeot ta kamfanin Dangote da ke Kaduna.

Amfanin baje koli ga mai saye shi ne ya tarar da su a fili ɗaya, ya shiga ya zauna, ya kwatanta. Amma farashin da wakilin kamfani ya faɗa somin-taɓi ne. Sauran lissafin sai an tambaya.

Tambaya ta farko ita ce mai. Wanda ke tasowa daga Mararaba, Kubwa ko Lugbe kullum, ya san cewa cunkoso ke shan fetur fiye da tsawon hanya. Alƙaluman da ke cikin takardar talla an auna su ne a yanayin gwaji, don haka a nemi sanin abin da motar ke sha a cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Idan mai amfani da iskar gas ta CNG ce, a buɗe but a ga gurbin da tukunyar ta cinye, a kuma yi tunanin layin gidajen gas. Idan kuwa daga baya ake son mayar da ita, a tambaya ko hakan zai soke garanti.

Ta biyu ita ce gyara. Ina wurin sabis na kamfanin yake a Abuja? Idan fitila ta fashe ko gilashi ya tsage, ana samunsa a Apo, ko sai an jira makonni daga Legas? Abin da ya sa Toyota Corolla ta zama ruwan dare ke nan: kowane bakanike ya san cikinta. Garanti kuma kan zo da sharaɗin yin sabis a wurin kamfani kaɗai, wanda kuɗinsa ya fi na gareji.

Ta uku ita ce inshora. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga mafi ƙarancin inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ce cikakkiyar inshora kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Motar naira miliyan 30 ke nan za ta ci miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma masu ba da lamuni galibi cikakkiyar suke nema.

Ta huɗu, wadda ta fi nauyi, ita ce bashin kansa. A 2024 gwamnati ta kafa CREDICORP, wadda ta soma da ma'aikatan tarayya, kuma a ƙarshen shekarar ta haɗa hannu da hukumar NADDC kan asusun naira biliyan 20 na sayen motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Dama ce, amma kada zaƙin "biya kaɗan-kaɗan" ya ruɗi mutum. A nemi jimillar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe a rubuce, da abin da zai rage a albashi bayan cirewa. Mai gudun kuɗin ruwa ya tambayi tsarin murabaha na bankuna irin su Jaiz da TAJ. Hadimin da muƙaminsa ke ƙarewa da wa'adin maigidansa kuwa, ya duba kada shekarun bashin su zarce na kujerar.

Rangwamen "yau kaɗai" dabarar kasuwa ce tsohuwa. A karɓi takardar farashi, a nemi ranar gwada tuƙi, a koma gida a baje ta kusa da takardar albashi, kuɗin haya da na makarantar yara. Motar da ta tsallake wannan teburin ita ce ta saye.