Cocin Wusasa Da Gadon Maginan Ƙasar Hausa

Matafiyin da ya taso daga Mahuta ya bi ta Funtuwa zuwa Zariya, ba zai rasa ganin yadda kwano da siminti suka maye gurbin soraye a kusan kowane ƙauye ba. Amma a Wusasa, bayan birnin Zazzau, akwai wani gini na ƙasa da ya doshi shekara 100, wato tsohon cocin St. Bartholomew.

Tarihi ya nuna cewa Dokta Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina cocin, da makaranta, da asibiti. A wannan makaranta ce Janar Yakubu Gowon ya yi karatun firamare.

Abin lura a nan shi ne, ba a kwaikwayi cocin Ingila na dutse ba. Fasahar maginan Hausa aka bi. Magini yakan jera tubali ya ta da bango mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa sama. Sa'an nan ya kafa azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, yana ɗaure wata bisa wata daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya. In an lulluɓe su da ƙasa, sai a sami bakan gizo, wanda ke ɗauke da rufin babban ɗaki. Kaurin bango kuwa shi ke sa ciki ya yi sanyi da bazara.

Wannan fasaha ta kai ƙololuwa ne a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, a wajajen 1830 zuwa 1840. Ke nan, hikimar da ta ta da masallaci ita ce ta ta da coci.

Sai dai ginin ƙasa yana bukatar yaɓe a kai a kai, da gyaran indararo kafin damina. Ruwa in ya sami kafa ya shiga rufi, azara takan ruɓe a ɓoye. Ranar 11 ga Agusta, 1445 ba ta kai wata guda da kamawa ba, wato a 2023, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka.

A ƙasar Wales ta Birtaniya, inda akwai coci-coci na ƙauye masu ɗaruruwan shekaru, an kafa hukumar Cadw a 1984 don kula da tsofaffin gine-gine, ana rubuta siffar kowane ɗaya. A nan gida ma akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tun 1979, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka ya kamata ƙananan hukumomi su ƙidaya tsofaffin masallatai, da zauruka, da ganuwoyin da suka rage a yankunansu. Ɗalibai kuma su auna su, su ɗauki hotunansu, su zauna da tsofaffin magina tun suna raye. In sarkin magina ya ƙaura bai bar almajiri ba, ko kuɗi sun samu daga baya, ba mai ɗaura bakan gizo.