Kare ya kwanta ciwo: abin da ake faɗa, da abin da yake gaskiya

A garin Madarumfa da ƙauyukan Gabi, Safo da Ɗan Isa, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin garke da dare, shi ke bin mafarauta dajin Baban Rafi. Amma ranar da ya tsufa ko ciwo ya kayar da shi, sai shawarwari su yi wa mai shi yawa, akasarinsu ji-ta-ji-ta. Wasu na jawo wa dabbar azaba, wasu na jefa yaran gida cikin haɗari.

"Duk karen da ke dalalar da yawu ya haukace." Ba haka ba ne. Ƙashi da ya maƙale a baki, ruɓaɓɓen haƙori ko guba duk suna sa yawu zuba. Sai dai kada kowa ya sa hannu a bakinsa don ya duba, domin akwai haukan kare na shiru, wanda ba ya zuwa da haushi ko cizo: muƙamuƙi ya saki, ƙafafun baya su shanye. A killace shi, a nisanta yara, a kira malamin dabbobi na ma'aikatar kiwo.

"Mahaukacin kare na warkewa idan an ba shi magani." Wannan ƙarya ce mai kisa. Da zarar alamun cutar sun bayyana, karen ba ya wuce kamar kwana 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A nan babu zancen jinya a gida. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi gidan likita a ranar don allura.

"Ƙari ya fito masa, ta ƙare." Ba kullum ba. Akwai wani jan tsiro mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar karnuka masu yawo, suna ɗaukarsa wajen barbara. Ganinsa da ban tsoro, amma allurar vincristine sau ɗaya a mako, na 'yan makonni, tana warkar da mafi yawansu. Haka ramewa da farin dasashi da kaska ke jawowa, suna da magani idan an yi da wuri. Kada a yanke ƙauna kafin masani ya duba.

"Ba shi maganin ciwon jiki na mutane." Kul! Ibuprofen da diclofenac na shagon magani suna huda cikin kare, su lalata masa ƙoda. Paracetamol kuma kan illata hanta idan ya wuce kima. Abin da gida zai iya yi shi ne inuwa, ruwa mai tsabta kusa da bakinsa, abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, da busasshen buhu a ƙarƙashinsa. Idan ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi, a kuma kare gyambonsa daga ƙuda don kada ya yi tsutsa.

"Kare najasa ne, jinyarsa ba lada." A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ta kwana a waje shekara da shekaru tana tsaron dukiyarmu tana da haƙƙi a kanmu. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

"Hutar da shi zunubi ne, gara a kai shi daji." Jefar da shi ne zaluncin, domin ƙishirwa za ta kashe shi a hankali. Malaman Malikiyya, ciki har da Shehu Halilu a Muhtasar, sun halatta hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita. Amma ba da shinkafar ɓera ko fiya-fiya ba: mutuwa ce mai tsanani, kuma gawar kan kashe ungulu da wasu karnukan. Likitan dabbobi na da allurar da ke sa kare barci, zuciyarsa ta tsaya cikin mintuna.

To yaushe ne lokacin? Idan likita ya tabbatar ciwon ba ya jin magani, karen ya daina ci da sha, ba ya iya tashi ko don fitsari, numfashi na yi masa wuya, yana kukan ciwo dare da rana, to ci gaba da riƙe shi ƙarin wahala ne kawai. A hutar da shi, a binne shi da zurfi, nesa da rijiya da bakin tabki. Sauran karnukan gidan kuwa a kai su allurar rigakafin hauka, a kuma riƙa sabunta ta duk lokacin da malamin dabbobi ya ce.