Canza fulogi a injin rotari na Mazda RX-8

Canza fulogi a injin rotari aiki ne na kula da mota wanda mai ita zai iya yi a gida da 'yan kayan aiki kaɗan, sai dai ya sha bamban da na injin fistin da aka saba gani. A motar tsere ta Mazda RX-8, wadda kamfanin Mazda na ƙasar Japan ya ƙera daga 2003 zuwa 2012, akwai fulogi guda huɗu, amma ba iri ɗaya ba ne: biyu na ramukan ƙasa ne, biyu kuma na ramukan sama, kuma kowanne yana da gurbinsa da wayarsa. Cirewa da ɗaurawa ba su da wuya. Abin da ke jawo asara shi ne sayen fulogin da bai dace ba, ko musanya gurbi, ko musanya waya.

Yadda injin yake

Injiniya ɗan ƙasar Jamus, Felix Wankel, shi ne ya ƙirƙiro wannan nau'in inji, kuma an fara tayar da samfurinsa a kamfanin NSU a shekarar 1957. Mazda ta karɓi lasisin ƙera shi a 1961, ta fitar da motar Cosmo Sport a 1967, daga baya RX-7 ta biyo baya daga 1978 zuwa 2002. Injin RX-8 ana kiransa Renesis ko 13B-MSP, girmansa lita 1.3.

Injin ba shi da fistin mai hawa da sauka. A maimakonsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ake kira rota, yana juyawa a cikin gida mai siffa kamar ƙwai da aka ɗan matse a tsakiya. Kowace fuska daga fuskoki ukun rota tana shan iska da mai, ta matse su, su ƙone, sannan ta fitar da hayaƙi, duk a zagaye ɗaya. A kan kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke goga jikin gidan domin kada iska ta zurare daga wannan ɗaki zuwa wancan. Shi ne sil ɗin kusurwa. RX-8 tana da rota biyu, na gaba da na baya.

Dalilin fulogi biyu a kowane rota

Ɗakin da mai ke ƙonewa a injin rotari dogo ne, siriri, kuma tafiya yake yi yayin da wutar ke ci. Tartsatsi ɗaya ba ya isa ya cinye man da ke cikinsa kafin ɗakin ya wuce. Shi ya sa aka sa fulogi biyu. Na ƙasa shi ne mai jagora, shi ke fara kunna wuta kuma shi ke ɗauke da mafi yawan aikin, an yi masa alama da harafin L a jikin gidan rota. Na sama shi ne mai biyo baya, yana ƙone abin da ya rage a ƙarshen ɗakin, alamarsa harafin T. Motar Mazda 787B da ta lashe gasar Le Mans a 1991 ma fulogi uku-uku aka sa wa kowane rota daga rotocinta huɗu.

Tun da sil ɗin kusurwa yana bi ta kan bakin ramin fulogi a kowane juyi, fulogin ba zai leƙo cikin ɗakin ba ko kaɗan. Yana zaune ne a lungu, a bayan rami. Ramin na sama ɗan ƙarami ne ƙwarai ta ciki, domin a daidai wurin matsin iskar da ke gaban sil ɗin ya bambanta da na bayansa sosai, kuma babban rami zai bar iska ta tsere. Wannan ne ya sa fulogin motar fistin, mai dogon baki, haɗari ne a nan: idan bakinsa ya taɓa sil ɗin kusurwa, sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a gyara.

Fulogin da aka saba sa wa RX-8 na kamfanin NGK ne mai bakin iridiyum: RE7C-L a ƙasa, RE9B-T a sama. A tsarin NGK, yadda lamba ta fi girma haka fulogin ya fi saurin fitar da zafi daga bakinsa. Don haka mai lamba 9 ke zama a sama, mai lamba 7 kuma, wanda ke riƙe zafi har ya ƙone dattin da ke taruwa a kansa, ke zama a ƙasa. Harafin da ke ƙarshen lambar shi ke nuna gurbin.

Dalilin saurin gajiyarsa

A injin fistin mai bugu huɗu, fulogi yana ba da wuta sau ɗaya a kowane juyi biyu na sandar inji. A injin rotari kuwa sau ɗaya ne a kowane juyi, wato ninki biyu, ga shi RX-8 mai giyar hannu tana kaiwa juyi 9,000 a minti. Bayan haka, an ƙera injin ne yadda wani ƙaramin famfo zai riƙa ɗiga baƙin mai a cikin ɗakin ƙonewa domin sil ya samu santsi, kuma wannan mai yana barin toka da baƙi a bakin fulogi. Jadawalin Mazda na kasuwar Amurka ya sa canjin a mil 37,500, kimanin kilomita 60,000, amma masu motar da yawa ba sa bari ya wuce mil 30,000.

Alamomin gajiya sun haɗa da wahalar tashi, rawar inji idan mota tana tsaye, raguwar ƙarfi, ƙarin shan mai, da fitilar gargaɗin inji mai ƙyaftawa. Akwai kuma matsalar da aka san RX-8 da ita, wato shaƙewa da fetur: idan aka tayar da ita da sanyi aka kashe nan take, fetur yakan jiƙa fulogi har ta ƙi tashi. Raunin wuta ba ƙaramin abu ba ne a wannan mota, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yana wucewa zuwa matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ya ƙone a can, ya narkar da ita ko ya toshe ta, daga nan zafin ya dawo ya cutar da injin.

Yadda ake aikin

Ana buƙatar jak, ƙarfen tokare mota, soket ɗin fulogi mai milimita 21, doguwar sandar ƙari, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Dole inji ya huce sarai, saboda gidan rota na alminiyom ne, kuma zaren raminsa yana saurin lalacewa idan aka murɗa da zafi.

Fulogan suna gefen hagu na injin, can ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi ta saman bonet. Hanyar da aka fi bi ita ce a faka a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a cire wayar batir ta gefen ragi, a ɗaga gaban motar ta hagu, a tokare ta, a cire tayar gaba. Ta ramin tayar ana hango fulogi huɗun, biyu sama biyu ƙasa. Ba a shiga ƙarƙashin mota ko a cusa jiki cikin ramin taya alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ɗaya bayan ɗaya ake yi. A kama hular roba ta wayar, ba wayar kanta ba, a ɗan murɗa a zare. A share ƙasa da tsakuwar da ke kewayen ramin kafin a kwance, don duk abin da ya faɗa ciki kai tsaye zai hadu da rota. A kwance tsohon, a duba harafin da ke jikin sabon ya yi daidai da na jikin gidan, sannan a fara murɗa shi da yatsu har ya zauna. Idan ya ƙi shiga tun a zagayen farko, zaren ya karkace ne, a fito da shi a sake. Sai ya zauna ake ɗaukar sifana, a ɗaure tsakanin 13 zuwa 18 na ma'aunin Nm, wanda ɗauri ne mara ƙarfi sosai idan aka kwatanta da na notin taya. A mayar da wayar har a ji ta kama, kafin a taɓa na gaba. RX-8 tana da kwayil huɗu, kowane fulogi da nasa, don haka wanda ya zare wayoyi huɗu a lokaci guda ba tare da ya yi musu alama ba yana iya sa wutar mai biyo baya ta riga ta mai jagora, ko ta rotan gaba ta koma na baya.

Ba a gyara tazarar bakin waɗannan fulogai; yadda suka fito daga kwali haka ake sa su, kuma wanda ya faɗi a kan siminti bai kamata a yarda da shi ba ko da ba a ga tsaga ba. A kan shafa wa zaren man hana cijewa kuwa ra'ayi ya rabu. Wasu masu motar suna shafa kaɗan, amma NGK ba ya ba da shawarar haka ga fulogansa masu rufin ƙarfe, domin santsin yana sa a ɗaure fiye da kima.

Abin da tsohon fulogi ke nunawa

Yana da kyau a jera tsofaffin yadda aka ciro su. Baki mai ruwan ƙasa-ƙasa alama ce ta ƙonewa mai kyau. Baƙi mai laushi kamar na tukunya yana nuna yawan gajerun tafiye-tafiye ko raunin wuta. Idan na rota ɗaya sun fi na ɗayan baƙi ko jiƙa, a duba kwayil da wayoyin wannan ɓangare, shi ya sa masu motar da dama ke canza fulogi, waya da kwayil a tare. Idan kuwa motar ta ci gaba da wahalar tashi musamman da zafi bayan an sa sababbi, abin da ya rage shi ne gwajin matsin iska da na'urar da aka yi domin injin rotari, wadda ke ba da lamba uku ga kowane rota. Mafi ƙarancin matsin da Mazda ta amince da shi a Renesis shi ne kilofaskal 680 a juyi 250 a minti.