Lafiyar Hanta Da Ribar Masu Kiwon Ƙananan Dabbobi A Akinyele

IBADAN: Fataken da ke sayen maruƙa da 'yan raguna a kasuwar kara ta Akinyele domin turka kan yi kukan cewa wata dabbar tana cin dusa da harawa, amma ba ta yin ƙiba. Sau da yawa matsalar daga hanta take.

Hanta ce ke sarrafa albumin, wato furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. Kusan rabin furotin ɗin ruwan jinin saniya albumin ne. Idan ya yi ƙaranci, ruwa kan tsiyaye ya taru a ƙarƙashin haɓa ko a ciki, dabba ta rame. Daga cikin abubuwan da ke jawo haka akwai guda biyu: ko abinci ya rasa sinadarin gina jiki, ko kuwa hanta ta lalace ta kasa sarrafa shi. Ƙaramar dabba ta fi jin jiki, domin tana buƙatar furotin don girma.

Tsutsar hanta, wadda dabbobi ke ɗauka a ciyawar fadama inda katantanwa ke zaune, tana huda hanta tana shan jini. Haka nan ƙuli-ƙuli, angurya ko masarar da ta yi funfuna kan ɗauki gubar afulatoksin. An gano wannan guba bayan da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sanadiyyar garin gyaɗa. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a 1967 a nan yankin Akinyele, ta ƙirƙiro Aflasafe da ake watsawa a gona domin rage gubar.

Asarar a nan biyu ce. Kuɗin abinci ya tafi a banza, sannan jami'an duba nama a mahauta kan ƙwace hantar da ta lalace.

Saboda haka ya kamata mai saye ya shafa ƙarƙashin haɓar dabba, ya duba cikin fatar idonta ko ya yi fari, kafin a yi ciniki. Ya adana abinci a busasshen wuri, ya kuma nemi likitan dabbobi ya ba da maganin tsutsar hanta tun kafin a fara turka. Ƙara wa dabba ƙuli-ƙuli alhali hantarta ba lafiya, zuba jari ne inda ba zai dawo ba.